Mai Riƙe da Feda

Hoton ne ya tono abin. Ba don shi ba, da Evaristo Funes ya ci gaba da haɗiye abin da ke cin ransa har ranar da zai ajiye aiki, kamar yadda ya saba.

Kaka ta shigo Mendoza, an gama tsinkar inabi a gonaki, ganyen bishiyoyin bakin titi ya yi ruwan ɗorawa yana zubowa cikin magudanan ruwa. A irin wannan lokaci ne sashen koyar da kiɗa na jami'a yake buɗe wasanninsa na kaka. Kowace Asabar da yamma zauren sashen a cike yake: yau ɗalibai masu goge, wani satin masu busa, wani satin mawaƙa, har a kai ƙarshen watan Mayu, lokacin da kakar can ke ƙarewa. Wasan rufewa ne kawai ba ya canzawa. Marigayi Maestro Corvalán, wanda ya kafa sashen, ya bar wani kiɗa na mutum biyu a kan piyano ɗaya, kuma da shi ake rufewa kowace shekara. Shekaru sun haura ashirin malaman piyano biyu ne ke buga shi: Amílcar Baigorria a dama, wajen siraran muryoyi inda waƙar take, Evaristo kuma a hagu, wajen masu kauri.

Da safiyar wata Litinin Evaristo ya shigo da ƙoƙon shayin mate a hannu, fulas a hammata, sai ya tarar an manna fostar bana a bakin ƙofar sashen. Ya ja ya tsaya. Ga Amílcar nan ya cika hoton, farin gashinsa ya zubo har wuyan riga, ya ɗaga kai, ya lumshe ido kamar mai addu'a. Da yake ana girke piyano ne gefen damansa yana fuskantar jama'a, mai zama a dama shi ke rufe na hagu. Abin da ya samu fitowa na Evaristo bai wuce kan hanci ba, sai ɗan sanƙo yana ƙyalli, sai gefen tumbi.

"Compadre! Ka ga yadda muka yi kyau?"

Amílcar ne ya dafa kafaɗarsa ta baya, yana ƙamshin turare tun da safe.

"Mu?" in ji Evaristo.

"To ba ga hancinka nan ba? Duk faɗin Mendoza babu mai irinsa, makaho ma zai gane ka."

Ya karɓe ƙoƙon daga hannun Evaristo, ya zuƙe shi tas har ya yi ƙara, ya miƙa masa kayansa ya wuce yana fito. Evaristo ya yi dariya don an saba yi, amma dariyar a leɓe ta tsaya.

Kada wani ya ce Evaristo ba ya son Amílcar. Yana sonsa. Tare suka yi karatu a wannan gini, Amílcar ne ya tsaya wa 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre, kuma ranar da aka binne mahaifin Evaristo shi ne ya kama akwatin gawar ta gaba. Sai dai ƙyashi ba ruwansa da wannan duka. Evaristo yana ƙyashin gashin Amílcar. Yana ƙyashin yadda ɗalibai ke ce masa Maestro, shi kuma a ce masa Profe kamar kowane malami. Yana ƙyashin tsofaffin matan da ke zama a layin gaba da gyalen ulu, waɗanda da an gama wasa suke rububin sumbatar kumatun Amílcar, in sun juyo suka ga Evaristo sai su ce, "Kai ma sannunka da ƙoƙari." Ƙoƙari! Sai ka ce wanda ya ɗauko piyanon a ka daga tasha.

Abu ɗaya ne nasa shi kaɗai, wato feda. A kiɗan mutum biyu, na hagu ne yake taka fedar da ke riƙe sauti a iska bayan yatsa ya bar wurin. Shi ne yake taka wa kansa, shi ne yake taka wa na dama. A kiɗan Corvalán kuwa akwai wani wuri kusa da ƙarshe da duk garin ya sani. Waƙar takan hau, ta hau, har ta kai wata murya guda can sama, sai mai dama ya taɓa ta ya ɗauke hannu, domin hannun yana da aiki a wani wuri. Daga nan ba abin da ke riƙe da muryar sai ƙafar na hagu. Ɗalibai suna kiran wurin Numfashi, saboda zauren gaba ɗaya yakan riƙe numfashi har sai ta mutu.

A nan Evaristo yake ɗan cin kasuwarsa. Ba da yawa ba. Yakan ɗaga ƙafa kafin lokaci ya cika, ɗan ƙanƙani, yadda muryar za ta mutu tana da sauran rai. Yakan gaya wa kansa don tsabtar sauti yake yi. Amma shi ya san daɗin da yake ji a ƙirji duk sanda ya ga Amílcar ya lumshe ido yana jiran abin da aka riga aka ɗauke. Jama'a ba su taɓa lura ba, tafinsu suke yi kamar za su fasa hannu.

Ran Lahadi ya gasa nama a bayan gida, kamar yadda suke yi duk farkon kaka, Amílcar ya zo da kwalbar giyar inabi. Tun da asuba Evaristo yake ta mita a kan hoton har matarsa Zulema ta gaji.

"Tsoho, takarda ce fa. Nan da wata biyu da ita za a naɗe kifi."

"Ai ba hancinki ba ne a jiki."

"Da hancina ne da an sayi tikiti. In abin ya tsaya maka a wuya, ga shi nan zaune yana cin namanka, ka faɗa masa mana. Ni ka ƙyale mini kunne."

Sai da aka ci haƙarƙari aka koma kan tsiran jini, wato hanjin da aka ɗura wa jini, sannan Evaristo ya yi ta maza. Ya juya wa Amílcar baya yana tona garwashi, ya ce:

"Compadre, bana ni nake so in zauna a dama."

Ya shirya wa musu. Kwana ya yi yana tsara amsoshi: in ya ce al'ada, ga abin da zan ce, in ya ce yatsuna sun yi kauri, ga abin da zan ce. Amma Amílcar ko ƙasusuwan da ke hannunsa bai ajiye ba.

"Shi ke nan? Ɗauka mana. Ni dama na gaji da sa safa mai kyau a ƙafar da jama'a ke gani. Comadre Zulema, miƙo mini gishirin nan."

Wannan amsa ta fi ƙi ciwo. Abin da Evaristo ya yi shekaru yana hange kamar sarauta, ga mai shi ya miƙo shi tsakanin loma da loma, ko a jikinsa.

Washegari suka je wa shugabar sashen, Doktora Lucero, da maganar. Ta cire tabarau, ta kalli wannan ta kalli wancan, sai fuskarta ta washe.

"Kai, wannan dabara ce! Bana sai mun ƙaro kujeru. Wa zai yarda a ba shi labari? Maestro Baigorria a hagu!"

Evaristo ya fito daga ofishin yana jin ɗacin bakinsa. Shi ne zai hau dama, amma labarin na Amílcar ne.

Wasannin suka ci gaba, Asabar bayan Asabar. Masu goge suka yi nasu, ƙungiyar mawaƙa ta yi nata, wata ɗaliba mai sarewa ta manta tsakiyar kiɗanta ta fashe da kuka aka tafa mata har ta dawo. Sanyi ya fara sauka daga duwatsu. Su kuwa tsofaffin biyu kullum bayan darasi suna ɗaki na ƙarshe a bene, suna gwaji.

Gaskiya dai Evaristo ya iya. Waƙar tana kansa tun yana da gashi, ya ji ta daga kusa fiye da kowa a duniya. Yatsunsa sun ɗan yi nauyi a sama, amma cikin sati biyu suka saki. Matsalar ba a hannu take ba, a ƙafa take. Ƙafarsa ta dama ta rasa abin yi. Ya ajiye ta a ƙasa, ta ƙi zama, tana ta dannar katako ita kaɗai kamar mai ɗinki da keke. Kuma a karo na farko ya ɗanɗana abin da ake nufi da ka taɓa murya ka sake ta a hannun wani. Kowace waƙa da ya fitar, sai Amílcar ya ga dama take rayuwa.

Ga kuma wani abin haushi. Ɓangaren hagu, wanda Evaristo ya yi shekaru yana ɗauka kamar buhun siminti, a hannun Amílcar sai ya fara rangwaɗa. Akwai wani wuri a tsakiya inda waƙar ke saukowa ƙasa na ɗan lokaci. Evaristo yakan wuce shi ne a daidaice, ba ƙari ba ragi. Amílcar kuwa sai ya jingina a kai, ya ja shi, ya sa shi yin kuka kamar muryar tsoho mai tuna ƙuruciya. Ɗalibai suka fara taruwa a bakin ƙofa. Wata rana Evaristo ya fita ɗebo ruwan zafi ya ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa, "Ashe akwai waƙa a hagun nan? Ban taɓa ji ba." Ya wuce su kamar bai ji ba, amma ruwan da ya ɗebo rabi a takalminsa ya ƙare.

Ranar da suka fara kaiwa Numfashi, Amílcar ya tsayar da kiɗan, ya juyo yana murmushi.

"To compadre, yaya kake so in riƙe maka ita? Yadda marigayi ya rubuta, ko yadda kake riƙe mini?"

Evaristo ya kafe ido a kan takardar kiɗa. Ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

"Ban gane ba. Da bambanci ne?"

"Kai dai faɗi wadda kake so."

"Yadda aka rubuta mana."

"An gama, ranka ya daɗe."

Suka koma baya kaɗan suka taho. Evaristo ya taɓa muryar ya ɗauke hannu. Ta tsaya a iska, ta daɗe, ta cika ɗakin har ta fita ta taga, sannan ta mutu a hankali don kanta. Bai taɓa jin ta kai haka ba. Tsigar jikinsa ta tashi, kuma a cikin wannan daɗin sai wani tunani ya shigo ya zauna daram: ya sani. Mutumin nan ya sani tun tuni, ya yi shiru.

Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Me ya sa Amílcar ya yarda da sauri haka? Me ya sa yake ba shi muryar a cike kullum, har da ƙari? Evaristo ya auna abin da ma'aunin zuciyarsa, amsar ta fito fili. Kiwo ake yi masa. Ana sabar masa da doguwar murya a ɗakin gwaji, ya saki jiki, ranar wasa kuma a gaban duk Mendoza, yana lumshe ido, a datse ta tun ba ta tashi ba. Da shi ne, abin da zai yi ke nan.

"Amílcar ba ya da wannan wayon," in ji Zulema, da ya ɗan gutsura mata zancen ba tare da ya faɗi nasa laifin ba. "Mutumin da yake manta inda ya ajiye motarsa? Kai dai ka samu abin da kake nema, yanzu kuma kana neman abin da zai hana ka jin daɗinsa."

"Ba ki san shi ba."

"Na san ka dai. Ka sha maganinka ka kwanta."

Ya fara sa ido. A gwaji ba ya kallon hannunsa, ƙafar Amílcar yake leƙe ta gefen ido: baƙin takalmi mai sheƙi, siriri, yana hawa yana sauka a kan feda cikin yanga. Har takalmin ma ya ji yana ƙyashi. In Amílcar ya yi masa kirki, ya ce dabara ce. In ya yi shiru, ya ce shiri yake. Ranar gwajin ƙarshe Amílcar ya kawo masa sabon farin hankici, ya ce ya sa a aljihun ƙirji tunda shi jama'a za su gani. Evaristo ya karɓa ya yi godiya, a ransa yana cewa ana yi wa rago ado ne.

Asabar ta ƙarshe a watan Mayu ta zo da iska mai sanyi. Tun rana ba ta faɗi ba zauren ya cika, an ƙaro kujerun roba a gefe, ɗalibai sun zauna a matakala. Tsofaffin matan suna layinsu na gaba. Zulema tana tsakiya da 'yarsu. Mai ɗaukar hoton sashen ya durƙusa a gaban dandamali. Doktora Lucero ta yi gajeren jawabi, ta gode wa duk waɗanda suka yi wasa a kakar bana, ta ambaci marigayi, sannan ta kira su.

Evaristo ya zauna a dama, ya ji fitila ta sauka a gefen fuskarsa. Bai taɓa sanin tana da ɗumi haka ba. Babu kafaɗar kowa tsakaninsa da jama'a. Tun daga sanƙonsa har igiyar takalminsa a fili suke, kuma duk da tsoron da ke cikinsa ya ji wani daɗi ya ratsa shi irin na yaro da sabuwar riga.

Suka fara. Kuma ya buga, wallahi ya buga. Waƙar ta fito daga yatsunsa a natse, babu rawar kai irin ta Amílcar, sai wani nauyi mai daɗi da shi kansa bai san yana da shi ba. Ya ji zauren ya yi tsit, kuma a wannan karon shi aka yi wa. Ya hango ɗaya daga cikin matan layin gaba ta ajiye jakarta a cinya ta karkato kai, shi take kallo. Da abin ya tsaya a nan, da Evaristo ya koma gida da abin da zai riƙe har tsufa.

Sai aka zo tsakiya, waƙar ta sauka hagu. Amílcar ya karɓe ta, ya ja ta yadda ya saba a gwaji. Matar nan ta layin gaba ta miƙa wuya tana leƙen bayan Evaristo, tana neman ta ga mai yi. Wata kuma ta saki ajiyar zuciya har ana ji. Evaristo ya ji kamar an zuba masa garwashi a ciki. Ko a ɓoye ma, ko an tare shi da mutum mai tumbi, shi suke nema. To in haka ne, abin da ya rage masa a wannan yamma Numfashi ne kawai, kuma ita ma tana ƙarƙashin takalmin wancan.

Waƙar ta dawo hannunsa ta fara hawa. Suna zaune ne kafaɗa da kafaɗa, gwiwa na gogar gwiwa, duk motsin da ɗaya ya yi ɗayan yana ji. Ta hau. Ta ƙara hawa. Ya ɗaga hannu zai taɓa muryar, sai ya ji gwiwar Amílcar ta motsa sama.

Duk wanda ya taɓa zama a hagu ya san wannan motsi. Kafin babbar murya, dole ka saki feda ka sake takawa cikin ƙiftawar ido, don ka share tarkacen muryoyin baya ta fito ita kaɗai fes. Evaristo ya yi shi a wannan wuri fiye da yadda zai iya tunawa. Da ɗalibi ne ya tambaye shi, cikin barci zai ba shi amsa. Amma a wannan lokacin ba malamin piyano ne a zaune ba, mutum ne da ya yi wata guda yana jiran a cuce shi. Ƙafarsa ta dama, wadda ta saba da aikin, ta tsallake ta hagu, ta faɗa kan takalmin Amílcar da dukkan nauyinsa ta danne shi a kan feda.

Fedar ba ta samu tashi ba. Muryoyin baya duk suna nan a iska, masu kaurin da ke tafe suka hau kansu, nasa hannun ya taɓa babbar muryar ta faɗa cikinsu ta nutse. Abin da ya fito daga piyanon wani gurnani ne mai kauri, kamar an kifar da kwanuka a rijiya. Amílcar ya ja ƙafa, Evaristo ya ƙara dannawa, don har lokacin jikinsa bai gaya wa kansa abin da yake yi ba. Sai da ya ji Amílcar ya ce a hankali ta cikin haƙora, "Ɗaga, mahaukaci," sannan ya farga.

Ya dubi ƙasa. Ga shi a karkace a kan benci, ƙafa ɗaya a harɗe kan ɗaya, wando ya tattare har ana ganin farin ƙwaurinsa, yana take da ƙafar abokinsa. Kuma babu kowa tsakaninsa da jama'a. Da a hagu yake, da ba wanda zai gani. Fitilar mai hoto ta walƙa.

Amílcar ne ya kai su gaci. Ya sassauta nasa hannun har gurnanin ya lafa, ya ɗan jinkirta yadda Evaristo zai samu inda zai kama, suka ƙarasa layukan ƙarshe kamar masu tsallaka rafi da kaya. Aka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ba na Numfashi ba. Can a matakala wani ɗalibi ya kasa riƙe dariya ya mayar da ita tari. Sannan aka fara tafi, kuma da Amílcar ya miƙe yana ɗingishi, tafin ya ƙaru har wasu suka tashi tsaye.

A ɗan ɗakin bayan dandamali Amílcar ya zauna a kan akwatin goge ya cire takalmi. Babban yatsansa ya riga ya fara kumbura. Evaristo yana tsaye a bakin ƙofa da farin hankici a aljihu, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Compadre, na ji gwiwarka ta tashi, sai na zaci…"

"Ka zaci me?"

Evaristo ya sunkuyar da kai yana kallon yatsan.

"Faɗi mana. Ka zaci zan yi maka irin taka." Amílcar bai ɗaga murya ba, yana dai murza yatsan. Babu fito, babu murmushi, kuma sai yanzu Evaristo ya ga ashe shi ma ya tsufa. "Kana ganin ban da kunne ne? Kowace kaka sai na miƙa maka muryar nan, kowace kaka sai ka gutsure ta. In koma gida raina a ɓace, in ce badi zan yi masa magana, badi ta zo in ce a bar shi, abin da yake da shi ke nan. Ban taɓa leƙa ƙafarka ba ko sau ɗaya. Yau na so ka ji yadda take in an bar ta ta kai. Na yi niyyar riƙe maka ita har sai matan can sun suma."

"Ka yafe mini."

"Yafiya ai ba wuya. Ɗauko mini ƙanƙara."

Kafin Evaristo ya motsa, Doktora Lucero ta leƙo, tana ƙoƙarin haɗa fuskar shugaba da ta mai jaje.

"Maestro, sannu. Jama'a suna jiranka a waje. Profe…" Ta kalli Evaristo ta kau da kai. "To. Badi dai sai a koma yadda aka saba, ko?"

"A koma," in ji Amílcar. "Shi a hagu, ni a dama. Ba zan buga kiɗan marigayi da wani ba, mun tsufa da wannan."

Evaristo ya ji wani sanyi ya sauko masa, har idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe baki zai yi godiya.

"Sai dai feda ta dawo wurina," in ji Amílcar, yana mayar da takalmi a hankali. "Daga dama ma ƙafa tana kaiwa, yau ka nuna wa kowa."

Doktora ta ba shi hannu ya dafa, suka fita. Ta ƙofar da suka bari a buɗe Evaristo yana hango matan sun yanyame shi, wannan tana tambayar ƙafar, waccan tana ba da sunan man shafawa, wata ta cire gyalenta ta yafa masa. Ɗingishin ma ya yi masa kyau, la'ananne.

Zauren ya watse, ma'aikata suna tattara kujerun roba. Zulema ta tsaya daga nesa da kwat ɗinsa a hannu, ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun aurensu. Evaristo ya koma kan dandamali don ɗauko takardun kiɗa. Bai san sanda ya zauna a gefen hagu na bencin ba, inda katakon ya lotsa daidai jikinsa. Ƙafarsa ta dama ta miƙa da kanta wajen feda. Ya dube ta, ya janyo ta, ya ajiye ta a ƙasa kusa da 'yar'uwarta.